Yadda ake tantance littattafan firamare da wayar hannu

Hukumar NERDC ce ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, amma littafin da SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, za ta raba a Gwaram ko Sumaila yana buƙatar idon malaman da za su koyar da shi. Da fom na takarda, sai maki ya iso ofis ba a san dalilin ba da shi ba. Ga yadda ake mayar da aikin cikin waya.

A fara da rajista. Jami'i ɗaya a ofis ya shigar da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, mai alƙaluma 13 da ke bayan littafin, da shekarar bugu da aji. Kada a dogara da suna kawai, domin sabon bugu kan zo da suna iri ɗaya amma shafuka sun sauya. Sai ya ba littafin lambar sirri, a rufe sunan marubuci da na kamfani kafin ya je hannun masu duba.

Fom ɗin a gina shi a KoboToolbox, shafin intanet na tsara fom ɗin tattara bayanai, masu duba su cike ta manhajarsa ta waya, KoboCollect, a wayar Android. Dalilin zaɓarsa ɗaya ne: yana aiki babu intanet, sai an shigo inda ake da sabis a tura. Google Forms ba zai yi wannan ba.

Nan ne aikin yake. A raba maki 100 gida huɗu, misali 40 ga dacewa da manhajar karatu, 25 ga harshe, 20 ga zane-zane da aikin jinga, 15 ga ingancin bugu. Kowace tambaya ta ɗauki 0 zuwa 3, kada a yi 1 zuwa 5, don mai gudun rigima kullum a 3 zai fake. Abu mafi muhimmanci, a saita fom ɗin ya ƙi wucewa gaba sai an rubuta lambar shafi an kuma ɗauki hotonsa. Wanda ya ce akwai kuskure, ya nuna shi. Wanda ya ce babu, ya faɗi shafukan da ya karanta. A littafin Hausa a ware tambaya kan ɓ, ɗ da ƙ: na'urar bugu kan zubar da lanƙwasa, ƙafa ta koma kafa, kuma a haka ɗan aji biyu zai haddace. A duba misalai ma. Lissafin kuɗin jirgin sama bai kai na kwanon gero a kasuwar Maigatari shiga kan yaro ba.

Mutum biyu su duba kowane littafi, kowa shi kaɗai. In makinsu a tambaya guda ya bambanta da biyu ko fiye, a kira na uku.

Daga nan sai aji. A zaɓi makarantar ƙauye, ba ta cikin gari kaɗai ba, a ɗauko yara goma, rabi mata rabi maza. Kowanne ya karanta shafi daga tsakiyar littafin na minti ɗaya, malam ya shigar da yawan kalmomin da ya karanta daidai. Shi kuwa bugu, a buɗe littafin a baje, a riƙe bangonsa a girgiza shi. Wanda aka haɗa da gam kawai yakan zubar da shafuka idan hunturu ya busar da shi. Ɗinkin zare ya fi jure hannun yara.

Abubuwan da ke lalata aikin ƙanana ne. Manyan hotuna sukan maƙale a raunin sabis, don haka a rage girmansu a saitin KoboCollect tun farko. Fom ɗin da aka ajiye ba a kammala ba baya tafiya, mai shi kuma yana zaton ya tura. Kada a sauya tambayoyi bayan an fara, sai zagaye na gaba. Kowane rukunin masu duba ya tafi da batirin ajiya cike da caji.

A ƙarshe a sauke sakamakon a Excel, a jera littattafan bisa maki, sannan a buɗe lambobin sirri a gaban kwamiti. Kwafin da ya ci a sa masa hatimi a kulle. Ranar da ɗan kwangila ya kawo kaya, hedimasta da wakilin kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, su zaro guda biyar daga katon daban-daban, su duba ISBN da yawan shafuka da ɗinki, su tura hoto ta fom na biyu. A gwada da kwafin da ke kulle kafin a sa hannu a takardar biya.