Yadda nake zama da waɗanda aka danne har su gane ba laifinsu ba ne

Na daɗe ina ba da shawara ga mutanen da aka mayar saniyar ware: masu aikatau, masu buƙata ta musamman, 'yan gudun hijira. Kusan kowa da magana ɗaya yake shigowa: "Ni ce na jawo wa kaina." Daga nan aikin yake farawa.

Da farko ka kame bakinka ka saurara. Wata mai aikatau ta taɓa zama a gabana tana murza yatsunta, ta ce wata uku ba a biya ta ba, wai don hannunta ba shi da sauri. Ban ce mata zalunci ne ba. Na ce, "Yaya, su wa kika sani da aka riƙe musu albashi irin haka?" Ta fara ƙirgawa, ta kai biyar, sai ta yi shiru ta ɗago ta dube ni.

Shirun nan nake nema. In kai ka faɗa wa mutum an cuce shi, ka zama wani sabon mai yi masa tunani. Shi ya sa masanin ilimi Paulo Freire, lokacin da ya koyar da manya karatu a Angicos ta ƙasar Brazil a 1963, ya fara da kalmomin da ke bakinsu kullum, ya bar su suna tambayar dalilin halin da suke ciki.

Bayan haka ka tara su, mutum shida zuwa goma. Kowa ya ba da nasa labarin, a rubuta abin da ke maimaituwa. Sai a tambaya: wa ke cin moriyar wannan? Akwai dokar da ta hana?

Za ka ji "ai ƙaddara ce." Kada ka yi musu da imanin kowa. Ignacio Martín-Baró, masanin halayyar ɗan Adam da sojoji suka kashe a El Salvador a 1989, ya nuna yadda danniya ta shekaru ke sa mutane yanke ƙauna daga canji. Ni dai nakan ce, "To, kuɗin naki yana hannun wa yanzu?"

Matakin farko su za su zaɓa, kuma ya zama ƙarami: takardar koke ɗaya, ko zuwa wurin lauya tare. Kafin a motsa, a zauna a lissafa wanda za a iya kora ko a yi wa barazana, a cire sunansa. Wanda kuma tsoro ya hana shi barci, ka gan shi shi kaɗai tukuna, ka haɗa shi da likita, taron zai jira shi.