Yadda za ka tura aikin PowerPoint ga wanda ba shi da manhajar

Kafin ka tura fayil, ka fara sanin me mutumin zai yi da shi: karantawa kawai, gyara, ko kallo a majigi. Ɗalibai da dama a Samaru da Kongo, harabobin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, nan suke tuntuɓe. Sai su tura wa malami fayil ɗin pptx, wato ainihin fayil ɗin PowerPoint, kai tsaye, shi kuwa a waya zai buɗe da manhajar WPS Office, ya tarar rubutu ya hau kan hoto, layin ƙarshe ya zube ƙasan shafi.

In karatu ne kawai, mayar da shi PDF. A PowerPoint, danna File, sai Export, sai Create PDF/XPS. Kowace waya tana buɗe PDF, kuma shafin zai fito yadda ka tsara shi, domin salon haruffan yana tafiya a cikin fayil ɗin. Abin da za ka rasa shi ne motsi da bidiyo. Idan ka jera hotuna uku a wuri guda don su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, a PDF za su taru su danne juna. Raba su a shafuka uku tukuna.

Salon haruffa shi ne babbar matsalar mai rubutu da Hausa. Fayil ɗin pptx sunan salon kawai yake riƙewa. Kwamfutar da ba ta da shi sai ta musanya da wani mai faɗi daban, shi ya sa layuka ke karyewa. Tsoffin salon Hausa irin su Rabi'at sun fi ba da wahala, saboda sun aza haruffa masu ƙugiya ne a kan wasu alamomi. Da fayil ya bar kwamfutarka, ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, ga shi kana tsaye gaban malamai ranar kare kundi. Rubuta ɓ, ɗ, ƙ na ainihi da allon rubutun Hausa, a salon Arial ko Times New Roman. In dole sai wani salon, shiga File, Options, Save, ka zaɓi Embed fonts in the file. Wannan PowerPoint ne ke mutunta shi, wasu manhajojin ba ruwansu.

Wanda zai yi gyara, ka ɗora masa a Google Drive, ka buɗe da Google Slides, ka danna Share. Canza izinin zuwa Anyone with the link, in ba haka ba zai ga ƙofa a rufe, ya dawo yana kiranka. Mai manhajar LibreOffice Impress zai buɗe pptx kyauta. Mai Keynote kuwa, wato manhajar gabatarwa ta Apple, shi ne ya kamata ya fitar da nasa a pptx ko PDF, don fayil ɗin .key ba ya buɗuwa a PowerPoint. Kada ka ɓata lokaci neman PowerPoint Viewer, tsohuwar manhajar kallon fayil kyauta, Microsoft ta janye shi tun 2018. Kuma ka goge bayanan da ka rubuta wa kanka a ƙarƙashin shafuka, suna tafiya tare da fayil.

In motsin da muryarka ne amfanin aikin, yi bidiyo: File, Export, Create a Video, ka zaɓi 720p, ya fito MP4.

Sai nauyi. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25MB, kuma hotunan waya ne ke kumbura fayil. Danna hoto ɗaya, shiga Compress Pictures, cire alamar Apply only to this picture, zaɓi 150 ppi. A WhatsApp ka tura a matsayin Document. Shafukan da aka tura a matsayin hoto yana matse su, ƙananan rubutu su dusashe.

Ranar gabatarwa, sa pptx da PDF duka a filash, ka ajiye kwafi a waya, don filashin da ya zaga shagunan buga takardu na Samaru ba a rasa shi da bairos. PowerPoint tun na 2013 yana fara shafi a siffa mai faɗi ta 16:9, tsofaffin majigai kuwa 4:3 ne, kuma wasunsu tsohuwar igiyar haɗi ta VGA kawai suke karɓa. Ka tambayi irin wanda ke ɗakin tun ana gobe, ka zo da adaftar HDMI zuwa VGA a aljihu.