Shawara ga masu niyyar zuwa Sisili

Jama'a, duk wanda Allah ya kai shi tsibirin Sisili a Italiya, kada ya bari Villa Romana del Casale ta wuce shi. Gidan wani attajirin Rumawa ne na ƙarni na 4, kusa da garin Piazza Armerina. Laka ce ta binne shi, shi ya sa zanen ƙananan duwatsun da ke daɓensa bai lalace ba.

Ku yi sammako, don da rana zafi na taruwa ƙarƙashin rufin, ga cunkoso a kan siririyar gadar da ake bi. Ku daɗe a dogon zauren farauta, wajen mita 60, inda zanen daɓen ke nuna ana loda giwa da jiminai cikin jirgin ruwa. Ku riƙe ruwan sha.

Da la'asar sai Caltagirone, garin masu tangaran, ku hau matakalarsa 142.