Yadda ake loda jirgin sama na kaya ba tare da haɗari ba

Kada kowa ya kusanci jirgi sai injuna sun mutu, jar fitilar gargaɗi mai walƙiya da ke jikin jirgin ta daina. Sannan a tokare tayoyi gaba da baya.

Babban abin tsoro shi ne nauyi ya rinjayi baya, hanci ya ɗaga, jirgin ya zauna kan wutsiya. Don haka wajen lodi a tabbata akwai nauyi a gaba kafin a cika baya. Wajen saukewa a fara rage na baya. A kafa sandar tallafe wutsiya idan jirgin yana buƙatarta. Kowane faranti na kaya, wato faffaɗan ƙarfen da ake jera kaya a kai, a auna shi, a ajiye shi daidai gurbin da takardar lodi ta nuna, a taɓa makullan da ke riƙe shi a daɓen jirgi da hannu. Kallo daga nesa ba dubawa ba ne.

Motoci sun fi wuyar ɗauri. A Bagram ta Afganistan, ranar 29 ga Afrilu 2013, wani jirgin kaya ƙirar Boeing 747 ɗauke da motocin sulke 5 ya faɗi yana tashi. Igiyoyin ɗaurin ba su isa ba, motar baya ta kwance ta lalata na'urorin sarrafa wutsiya. Mutum 7 suka rasu.