Yadda nake zagayawa da baƙo Zariya, daga bakin ganuwa zuwa gonakin inabi

Idan baƙo ya ce mini zai zo Zariya yawon buɗe ido, abin da nake fara tambayarsa shi ne wane wata zai zo. Na taɓa kwasar kunya a kan wannan. Wani abokina da muka yi makaranta tare ya taso tun daga Gusau da iyalinsa a tsakiyar damina, saboda na cika masa baki da labarin inabin ƙasar Kudan. Muka je muka tarar da ganye shar, babu ko ƙwaya ɗaya ta sawa a baki, yara suka dawo suna kumbure-kumbure. Tun daga ranar nake cewa a zo da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Lokacin ne inabi ke nuna, rana kuma ba ta da zafin da zai hana mutum tafiya da ƙafa.

Ku fito bayan kari, kafin ƙarfe takwas. A shiga birni ta Ƙofar Doka, a sami wuri a ajiye mota, don birnin Zazzau ba a ganinsa ta gilashi. Ganuwar da ake dangantawa da Sarauniya Amina ta zaizaye a wurare da yawa, wani wurin ruwan sama ya ci, wani wurin mutane sun haƙe ƙasar sun yi gini da ita, abin da ke ci mini rai ke nan duk lokacin da na wuce. Amma inda ta rage, ka tsayar da baƙonka ya dafa ta da hannu ya ga kaurinta. Ina son in riƙa lissafa masa ƙofofi muna tafe: Kuyambana, Gayan, Kona, Bai, Galadima, Jatau, Kibo. Kowace da unguwarta da mutanenta, kuma ba za ku iya zaga su duka a yini ɗaya ba. Biyu sun isa.

Daga nan sai ƙofar fada. Ka sa riga ta mutunci da hula, mace ta yafa mayafi, kada kuma a zaro waya a hau ɗaukar hoto kafin a gaisa. Ka nufi dogarai ka ce, "Ranku ya daɗe, baƙo na kawo daga nesa, yana son ganin gidan Sarki." Inda suka ce a tsaya, a tsaya. Ko daga waje akwai abin kallo: zanen da ke fuskar ƙofar, launukansa, da zankwayen da ke saman ginin. Sarkin yanzu, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya hau a 2020 bayan rasuwar Sarki Shehu Idris wanda ya yi mulki tun 1975, kuma daga gidan Mallawa ya fito, zuriyar Malam Musa wanda ya karɓo tuta a wurin Shehu Usmanu.

Inda na saba son a daɗe shi ne Masallacin Juma'a, nan kusa da fada, kafin wani sashensa ya rufta a 2023. A lokacin, wanda ya tsaya a waje yakan ga ginin siminti ya ce ai irin wannan akwai a garinsu. A ciki abin yake. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830, daga baya a shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon ginin da sabo. Mukan je da hantsi, ba lokacin salla ba, ba kuma ranar Juma'a ba, mu nemi izinin masu kula da wurin. Baƙo ya cire takalmi, ya bar idonsa ya saba da duhun ciki tukuna, sannan ya ɗaga kai. Sai ya ga bakan gizo ya taso daga jikin ginshiƙi ya lanƙwasa ya haɗu da ɗan uwansa a sama, azara a ɓoye cikin ƙasa tana riƙe da nauyin, ba ƙarfe ba siminti. Ga zane a jikin ginshiƙan wanda aka fitar da hannu tun ƙasar tana ɗanya. Wani magini da na taɓa kaiwa ya yi shiru ya fi minti goma yana bin bakan da ido, da muka fito abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, mu kwaikwayo muke yi."

Kafin azahar a leƙa kasuwar birni a ga masu ɗinkin hannu, aska biyu da aska takwas a wuyan babbar riga. A ci abinci, a yi salla.

Idan baƙon mai son boko ne, ku bi ta unguwar Tukur-Tukur ya ga Kamfanin Gaskiya, inda aka daɗe ana buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ga kuma Kwalejin Barewa da ta dawo Zariya a 1949. A Wusasa akwai cocin St Bartholomew na 1929, ginin ƙasa irin namu na Hausa, Dutsen Kufena kuma na tsaye a bayan garin. Hawan Kufena aikin safiya ne mai zaman kansa, kada ka cusa shi cikin wannan yinin.

Wajen ƙarfe uku sai a kama hanyar Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, arewa da Zariya. A nan dole ka yi shiri tun jiya: ka nemi wanda ya san mai gona ya yi maka magana, domin gonar inabi dukiya ce da aka kashe mata kuɗi da ban ruwa, ba a faɗa mata kamar filin ƙwallo. Da kun isa ka ce, "Sannu da aiki, Baba," ka jira ya shige gaba. Inabin a kan rumfa yake, an kafa turaku an ja waya, rassan sun bi sun rufe sama, sai ka ɗan sunkuya kana tafiya nonnan 'ya'yan na reto daidai goshinka. Ka ja wa yara kunne kada su tsinka da hannu, mai gona ne zai yanko da almakashi. Farin ƙurar nan da ke jikin ƙwayar ba datti ba ce, haka yake fitowa, kuma alama ce hannu bai yi yawa a kansa ba. Ka duba karan: kore mai laushi sabon yanka ne, wanda ya bushe ya yi ruwan ƙasa ya kwana biyu. Ka ɗanɗana daga ƙasan nonon, idan nan ya yi zaƙi to na sama ma ya yi.

Da kilo ake sayarwa. Ka taho da kwali ko kwando mai faɗi, kada a zuba a leda a ɗaure, kada kuma a wanke sai za a ci. A shimfiɗa shi a kujerar baya inda ba rana, ba a but ba. Ku taso kafin magariba ta rufa, ku iso Kwangila, mahaɗar hanyoyin shiga Zariya, da sauran haske.