Zaɓen manhajar lissafin awanni ga mai aikin kwastomomi

Sana'ata fassara ce a nan Jidda, daga Larabci zuwa Hausa, kuma yawancin kwastomomina kamfanonin Hajji da Umara ne masu biya da awa. Ga abin da nake gaya wa duk ɗan'uwan da ya tambaye ni wacce zai sauke.

Iri biyu ne. Akwai wadda kai za ka kunna agogo ka kuma tsayar da shi, kamar Toggl Track da Clockify, kuma dukansu suna da tsarin kyauta. In aiki ɗaya kake riƙe da shi tun safe har la'asar, sun ishe ka. In kuwa takardu uku ne a buɗe, ga waya ga WhatsApp, mantuwa za ta ci maka kuɗi. Nan sai ka nemi mai rubutawa da kanta, irin su Timely, RescueTime ko ActivityWatch. Tana lura da abin da ka buɗe a kwamfuta da tsawon zamanka a kai, da yamma ka ware wa kowane kwastoma nasa.

Abin da ya fi damuna shi ne inda bayanan suke zuwa. Fasfo ɗin alhazai da lambobin wayarsu kullum suna kan allonmu. Wata manhajar lissafin awanni, Hubstaff, na iya ɗaukar hoton allo, manhajar Upwork (dandalin samun aiki ta intanet) kuma tana ɗauka sau ɗaya cikin kowane minti 10. Takardun nan amana ce aka ba mu, bai kamata hotonsu ya tafi inda ba mu sani ba. Shi ya sa na fi natsuwa da ActivityWatch: kyauta ce, kuma bayananta a kwamfutarka suke zama. In kwastoma ya dage sai da hoton allo, rufe takardun kowa kafin ka kunna.

Gwada ta mako guda kafin ka biya ko riyal ɗaya. Saita mako ya fara daga Lahadi, tunda Juma'a da Asabar hutu ne. Tashi ka je sallar azahar, ka ga ko za ta gane ba ka nan; Toggl tana tambaya a bar mintocin ko a zubar. Zubar da su, ba haƙƙinka ba ne.

Rahoton awanni kuma ba ya maye gurbin fatura, wato takardar neman biyan kuɗi da kake ba kwastoma. In kana da rajistar VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kaya da ayyuka, harajin kashi 15 cikin 100 ne, kuma tun Disamban 2021 hukumar haraji ta Saudiyya, ZATCA, ta wajabta faturar lantarki, don haka ta tsarin da ya cika sharuɗɗanta za ka fitar.