Yadda Ake Tattarawa da Adana Takardun Asali na Tsohuwar Land Rover ko Land Cruiser

A bayan gidajen sarauta, da tsofaffin asibitocin mishan, da garejin ma'aikatun gwamnati, har yau ana cin karo da tsohuwar Land Rover ko Land Cruiser a fake, tayoyi sun sace, ƙura ta lulluɓe ta. Yawancinsu a hannun 'yan gwangwan suke ƙarewa, a yanka a auna a kilo. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tun kafin motar ta tafi an riga an zubar da takardunta, alhali a wurin masu tara tsofaffin motoci a Ingila da Amurka, takardun nan su ne ke ɗaga darajarta.

Dalilin a fili yake. Motoci ne da ake kwancewa da sifana a sake ɗaurawa. Bakanike zai iya ɗauko shasin wannan, injin waccan, bodin wata, ya haɗa mota guda mai kyan gani. Mai saye ya san haka, shi ya sa yake neman shaidar cewa motar da ke gabansa ita ce ta fito daga masana'anta da wannan lamba a wannan shekara. Ga yadda ake haɗa shaidar.

Mataki na 1: Fara da ƙarfen motar

Kafin ka buɗe akwatin takardu, nemo lambar shasi a jikin motar. A Land Rover ta jerin Series, wadda aka fara ƙerawa a garin Solihull na Ingila a 1948, akwai ƙaramin faranti a cikin gidan direba mai ɗauke da lambar, kuma a yawancinsu an buga ta a kan shasin daga gaba ta hannun dama, kusa da inda sifirin ke rataye. A Land Cruiser FJ40, wadda Toyota ta yi daga 1960 zuwa 1984, lambar tana kan ƙarfen shasi daga gaba, ga kuma faranti a jikin bodi. Farantin ana iya cire shi a maƙala wa wata motar, don haka wadda aka buga a ƙarfe ta fi ƙarfin hujja.

Wanke wurin da kananzir da burushi mai laushi. Kada ka bari a sa giranda ko a kankare da ƙarfi, domin lambar da aka ga alamun gurza a kanta ta zama abar zargi ko da gaskiya ce. Ka ɗauki hotonta, ka rubuta ta tare da lambar inji.

Mataki na 2: Tattara duk wata takarda, komai ƙanƙantarta

A nan mutane ke asara, don suna zaton lasisin mota da inshora na bana su kaɗai ne takardu. Waɗannan na hanya ne. Masu daraja su ne tsofaffin: rasit na ranar da aka sayi motar sabuwa, littafin rajista na farko, takardar kwastan, littafin sabis mai tambarin gareji, littafin bayanin mota da ya zo da ita, da lasisin shekarun baya da suka daɗe da ƙarewa. Idan gwanjon gwamnati aka sayo ta, takardar gwanjon da wasiƙar sakin motar suna nuna ma'aikatar da ta yi amfani da ita. Idan daga Nijar ta fito, tsohon katin rajista da ake kira carte grise shi ne tushe.

Kada ka raina hotuna. Hoton biki ko na rangadi da motar ta fito a ciki, lambarta tana karantuwa, yana tabbatar da inda take a wancan zamani da launinta na asali. Tsohuwar lambar mota ta ƙarfe da aka cire lokacin da aka sauya tsarin lambobi ma ka ajiye ta. Ka tambayi dattawan gida, ka duba akwatunan marigayi da izinin magada, ka kuma nemi tsohon direban in yana raye, domin sau da yawa a wurinsa littafin sabis yake kwana.

Mataki na 3: Jera su, ka gwada su da juna

Shimfiɗa takardun bisa shekaru, daga ta farko zuwa ta ƙarshe, ka bi lambar shasi da ta inji a kowace. Abin da kake nema shi ne sarƙar mallaka: wane ya sayar wa wane, a wace shekara, ba tare da yankewa ba.

Lambar kanta tana magana. A Series IIA gajera mai fetur, lambar da ta fara da 241 ta kasuwar Ingila ce, 242 ta fitarwa waje ce mai sitiyari a dama, 244 mai sitiyari a hagu, 243 da 245 kuwa a wargaje aka turo su aka harhaɗa a wata ƙasa. A Series III, wadda ta fito a 1971, irin wannan tsari ya tashi daga 901 zuwa 905. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972. Motar da ta shigo kafin nan da sitiyari a dama ta zo, kuma da yawa an juya su daga baya. Idan lambar ta ce 242 amma sitiyarin yana hagu, ba lallai maguɗi ba ne, tarihi ne, sai dai ka rubuta shi. A Toyota kuma haruffan farko ne ke faɗin inji: FJ fetur, BJ da HJ dizal. Takarda ta ce FJ, ka tarar da injin dizal, to an sauya inji.

Mataki na 4: Nemi bayanin masana'anta

Gidan tarihin motoci na British Motor Museum da ke Gaydon a Ingila yana riƙe da littattafan masana'antar Land Rover, kuma yana bayar da takardar shaida da aka kwafo daga cikinsu idan ka tura lambar shasi ka biya. Takan nuna ranar da aka ƙera motar, ranar da ta bar masana'anta, launinta, da dillalin ko ƙasar da aka tura ta. Ga motar da aka harhaɗa a waje, bayanin ba lallai ya kai haka ba. 

Amma ka fahimci iyakar takardar Gaydon. Tana faɗin abin da ke rubuce game da lambar ne kawai, ba ta tabbatar da cewa motarka ce mai lambar. Ƙarfinta yana fitowa idan ta yi daidai da abin da ka gani a ƙarfe da tsofaffin takardunka.

Mataki na 5: Cike giɓi da gaskiya

Da wuya a samu mota mai shekara hamsin da ba ta da giɓi. Idan takarda ta ɓata, ka kai rahoto ga 'yan sanda, ka yi takardar rantsuwa a kotu, ka sa su a inda ta ɓatan take. Idan an sauya inji ko shasi, ka rubuta yaushe da dalili, ka haɗa da rasit. Bodin Land Rover na alminiyum ne, shasin kuwa ƙarfe ne mai tsatsa, shi ya sa a Turai an sauya wa da yawa shasi. Busasshen yanayinmu yakan bar shasin asali da lambarsa, kuma wannan babban abin tinƙaho ne ga motocin yankinmu.

Kada ka yarda wani ya buga maka sabuwar lamba ko ya tsara maka tsohon rasit. Amurka tana barin a shigar da motar da ta kai shekara 25 ba tare da sharuɗɗan sababbin motoci ba, shi ya sa wasu suka riƙa maƙala lambar tsohuwar Land Rover samfurin Defender a jikin sabuwa. Hukumomin ƙasar sun ƙwace irinsu, har an murƙushe wasu. Masu saye sun koyi duba lamba da idon basira.

Mataki na 6: Adana su

Kada ka yi musu lamineshan. Zafin na'urar da gam ɗin suna lalata takarda, ba a kuma iya cirewa, sannan mai saye ba zai iya duba tambari da tawada ba. Selotef ma yana barin tabo. Cire ƙusar sitefula da kilif masu tsatsa, ka sa kowace takarda a rigarta ta leda mai buɗaɗɗen baki, ka ajiye a akwatin ƙarfe a sama, nesa da bango, saboda gara da danshin damina. Ka ɗauki hoton kowace gaba da baya, ka ajiye a waya da imel. A mota kwafi kawai za ka bari, tare da takardun hanya na bana.

Mataki na 7: Ranar ciniki

Tura wa mai saye hotuna tukuna, na asali sai ya gan su a hannunka. Kada ka sayar da takardun daban da motar, ko an yi maka tayi mai tsoka, domin wanda ke neman takarda ba mota yana da wata motar da yake son ya laƙaba wa. Idan kuɗi sun shiga, ku rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi da ta inji da jerin takardun da ka miƙa, shaidu su sa hannu, a yi canjin mallaka a ofishin lasisi, kai kuma ka riƙe kwafin komai.